Mai Yanke Furen Kuka

Shafi na 27

Masu cika min waya da saƙo tun sassafe, na ji ku, ga shi nan. Baiwar Allahn da ta ce in ba a ɗaure Mai-awaki ba ta daina karatu, ki gyara zama tukuna, ki ajiye fushin a gefe. Sababbin shigowa kuma ga inda muka tsaya: Auta ta dasa kukoki a gonar da ta gada, abin da ba a taɓa yi ba a garinsu. Bana suka fara fure, wani kuma yana bin furen yana yankewa. Ta kai ƙarar maƙwabcin gonarta, Mai-awaki, yau za a zauna.

*

Rana ba ta gama ɗagowa ba Auta ta turo ƙofar gida da ƙafa. Raɓa ta jiƙe mata zani har gwiwa, hannunta na dama a dunƙule, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Yaya na zaune a kan turmin da aka kife a tsakar gida, da gani ita yake jira. Inna na gefe a kan tabarma, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa a hatsi.

"An sake?" in ji Yaya.

Auta ta buɗe hannun. Tsinkaye ne kore shar, irin waɗanda furen kuka ke rataye a jiki.

"Layin gaba da na tsakiya, duka. Jiya da magariba na bar su sun buɗe farare tas. Na can ƙarshe wajen kwari kawai aka bari, ina jin gari ne ya waye masa."

"Kwaɗon ƙofar gonar fa?"

"Yana nan a kulle."

"Shingen?"

"Ko ƙaya ɗaya ba ta goce ba."

Yaya ya shafa gemu, ya dubi ƙasa.

"Auta, ki janye ƙarar nan."

"Ba zan janye ba."

"Mutumin nan sa'an Baba ne. Kin tsaya gaban mai-unguwa kin kira shi ɓarawon fure. Ke a ina kika taɓa jin ɓarawon fure?"

"Shi ya faɗa da bakinsa a kasuwa. Ya ce muddin yana numfashi kukokina ba za su yi ɗa ba."

"Rabin garin nan sun faɗi haka. Duk za ki kai su ƙara?"

Nan dai Yaya bai yi ƙarya ba. Tun ranar da Auta ta dawo daga wajen malaman gona da 'yan tsirrai a leda, garin ya samu abin taunawa. A wajensu kuka ta Allah ce, inda ta ga dama take fitowa, ba a dasa ta kamar wani mangwaro. Maza suka ce ta kashe gonar hatsi a banza. Matan da ke shiga daji ɗiban ganye da 'ya'ya suka ce yau ta kewaye tata da shinge, gobe wani mai ƙarfi zai kewaye na daji, su kuma su koma saye. Da suka ji cewa reshen tsohuwar kuka ake yankowa a ɗaura a kan ƙaramar don ta yi saurin haihuwa, wai shi ake kira aure, sai abin ya koma na dariya: bazawara ta ƙi komawa ɗakin miji, ta koma aurar da itatuwa. Bana da fure ya fito jemagu suka fara taruwa da yamma, dariyar ta ɗauke. Yanzu ko yaro ba a bari ya bi ta bakin gonar.

"Duba nan." Auta ta kai masa tsinke ɗaya dab da fuska. "Wannan haƙorin akuya ne? Iska ce? Yankan reza ne, Yaya."

"Na gani. Rezar wa?"

Ta sauke hannun.

"To kin gani. Jiya na zauna da mai-unguwa. In ba ki kawo shaida ba yau bayan azahar, za ki ba tsohon nan haƙuri a gaban jama'a. Ba shi ke nan ba kuma. Dattawa sun ce gonar ta zama fitina, a sare."

"A sare me?"

"Kin ji ni."

"Shekara biyar ina ɗauko ruwa a ka. Kai da kanka ka ga kafaɗuna."

"Na gani, kuma na ce miki ki bari tun ranar farko."

"Gonata ce. Rabona ne."

"Gonarki ce, amma a cikin mutane take."

Da mutanen gari ne suka faɗa da sauƙi, amma Yaya, wanda ya goya ta tana ƙarama, shi ne ke kawo mata saƙon gatari kamar yana kawo gaisuwa.

Abu ɗaya ya hana ta zubewa a wurin. Akwai kuka guda a bakin rijiyar gonar da ta ɗaura ɗa, ɗan ƙarami kamar ƙwan kaza, ya ɓuya a cikin ganye. Ta naɗe shi da tsumman gidan sauro, ba ta faɗa wa kowa ba. Mutumin da ke sayen garin 'ya'yan kuka yana kai wa birni ya ce mata sai ya ga ɗa a jikin bishiya da idonsa kafin su yi wata magana. Wannan ɗan shi ne duk abin da ta mallaka.

Ta juya wajen Inna.

"Inna, ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Ku ne masu ilimi."

"Kin sha maganinki?"

"Na sha."

Auta ta dubi ƙafafun tsohuwar. Sun kumbura sun yi suntum, har zoben azurfar da ke yatsar ƙafarta ya nutse.

"Wannan ƙafar ba ta mai shan magani ba ce. Kuma kullum sai kin fita da asuba."

"Likita ya ce in riƙa taka ƙafa."

"Bai ce ki taka har ki kumbura ba. Bari in ɗauko man nan in shafa miki."

"Bar shi."

"Yana kan taga, ai na san wurin."

"Na ce ki bar shi, Auta."

Muryar ce ta sa ta waiwayo. Inna ba mai ɗaga murya ba ce, ko kaza za ta kora sai ta lallaba ta. Amma Auta ta riga ta kama labule, ga kuma taurin kan da kowa ya san ta da shi. Ta shige.

Warin ne ya fara tarar ta.

Ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin. Gadon ƙarfe a gyare, akwatin kaya a kusurwa, carbi a rataye a ƙusa. A ƙusar nan kuma, ƙarƙashin carbin, ɗayan makullin gonar ne yake rataye, wanda ita da kanta ta ba Inna ajiya tun shekarar da aka sa ƙofa.

"Ɓera ne ya mutu," in ji Inna daga bayanta. Har ta taso ta biyo ta, tana dafe da bango. "Fito, zan sa a duba."

Auta ba ta motsa ba. Ta san warin nan. Furen kuka in ya buɗe da yamma kyakkyawa ne, in ya kwana ya fara yaushi sai ya koma wari kamar nama ya lalace. Babu wanda ya shaƙe shi a garin nan kamar ita.

Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado.

"Auta."

Ta jawo robar wanki. An rufe ta da tsohon ɗankwali. Ta yaye.

Furanni ne cike, wasu farare da sauran raɓarsu, wasu sun yi ja sun lanƙwashe. A kai reza ce, an naɗe gindinta da zare don kada ta yanki mai riƙewa. Auta ta san zaren ma, na ɗinkin Inna ne.

Ta zauna daɓas a ƙasa.

Inna ta saki labulen, ta lallaba ta zauna a bakin gado. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Kullum a masai nake zubawa," ta ce. "Yau na dawo na tarar da yayanki a tsakar gida, jiya ma haka. Shi ya sa suka taru."

"Ke ce."

"Ni ce."

"Tun farko?"

"Tun furen fari."

"Inna, na kwana ina zagin mutane a raina. Na kai tsoho ƙara. Kina zaune kina kallona."

"Ina kallonki."

"Har kina cewa Allah ya tona asirin mai yi."

"Ga shi ya tona."

Auta ta ji kamar ta fasa ihu, amma muryar ta ƙi fita. Abin da ya fito ƙarami ne, kamar ba nata ba.

"Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To don me? Ke ce kika riƙa dafa min abinci ina kai wa gona. Ke kika sayar da tunkiyarki aka yi shingen nan."

"Na yi. Na ɗauka za su bushe kamar yadda kowa ke faɗi, ki gaji ki dawo gida. Sai suka ƙi bushewa."

Ta gyara zama, ta ɗora hannu a gwiwa.

"Kin san kawunki, wanda kike ganin hotonsa a akwatina?"

"Ciwon hanta ne ya kashe Kawu. Ke kika faɗa min."

"Yana yaro ya tsinci 'yar kuka a bakin rafi, ya kawo bayan gidanmu ya dasa. Babanmu ya yi masa duka, ya ce a cire. Ya ɓoye ta da kara. Ta girma, shi ma ya girma, ya yi aure, ya haifu. Shekarar da ta yi ɗan fari, kafin ɗan ya bushe muka binne shi."

"Inna..."

"Ba shi kaɗai ba. Duk wanda ya sa kuka a ƙasa da hannunsa, ɗanta na fari da shi yake tafiya. Kowa ya san wannan. Ku ne dai da kuka yi karatu kuka manta."

Auta ta matso da gwiwa, ta kama hannunta.

"Saurare ni. Kukar daji tana daɗewa kafin ta haihu, shekaru masu yawa. Wanda ya dasa ta kafin ta yi ɗa ya manyanta, wani ya tsufa, wani ciwo ya same shi. Shi ne mutane suka haɗa abu biyu da ba su da haɗi. Tawa mai aure ce, shekara biyar ta isa. Ba ki gani ba? Ga ni lafiyata ƙalau."

"Na gani. Abin da ya hana ni barci ke nan."

"Kamar yaya?"

"Ta daji tana ba mutum lokaci. Ya yi aure, ya ga 'ya'yansa, ya ɗan ji daɗin duniya. Ke kuma kika tafi wajen malamai, kika zauna, kika koyo yadda za ki rage wa kanki kwana. Kika dawo kina murna wai taki ba ta jira."

Duk bayanin da Auta ta saba yi wa mutane a bakin rijiya da kasuwa, wanda take taƙama da shi, yau an juyo mata da shi ta baya.

"Rai a hannun Allah yake, Inna. Ke kika koya min."

"A hannunsa yake. Shi ya sa ban ce ki sha guba ki gwada ba."

"Za su sare gonar yau."

"Su sare."

"Haka kika ce?"

"Itace ne. Ke kuma ke ce autata. Na binne biyu kafin in same ki, ba zan tsaya ina kallo bishiya ta ɗauke ki don wani mai mota ya samu garin da zai kai birni ba."

Hawaye suka zubo wa Auta, masu zafi, na haushi da tausayi a haɗe. Ta so ta tsani tsohuwar nan ko na minti ɗaya ne, abin ya gagara. Sai haushin ya nemi wata hanya.

"To kin makara," ta ce tana share fuska da bayan hannu. "Duk wayonki akwai wadda ta kuɓuce miki. Ta bakin rijiya ta yi ɗa. Yana nan ya kai ƙwan kaza, kuma ga ni zaune ban mutu ba."

Ta jira ta ga firgita a fuskar Inna.

Inna ta yi ɗan murmushi.

"Wanda kika naɗe da gidan sauro? Kin ɗaure shi da ƙarfi, na sassauta masa."



"Kin san da shi?"

"Kullum sai na tsaya a kansa."

"Kika bar shi?"

"Ki tuna shekarar dashe. Kin kwanta zazzaɓi, kika ce ta bakin rijiya ta bushe, in kin tashi za ki sake wata. Da kika tashi fa?"

"Na tarar an sake. Kin ce Yaya ne."

"Yayanki ko ledar bai taɓa ba. Ni na ɗauko ɗaya cikin ragowar da kika ajiye a bayan ɗaki. Ni na haƙa ramin, ni na sa ta, ni na mayar da ƙasa da hannun nan."

"Don me?"

"A lokacin don ki tashi ki ji daɗi ne kawai. Da na dawo gida na wanke hannu, sai na gane abin da na yi. Na ji tsoro ƙwarai. Daga baya kuma na ce Allah ne ya ba ni hanya."

"Wace hanya?"

"Gona ɗaya ce, ɗan fari ɗaya ne. In na hana naki duka, tawa ta riga su, to da ni za ta tafi. In ta karɓi nata ta huta. Baɗi sai ki bar furenki ya yi ta haihuwa, ba mai taɓa miki."

A waje kaza na ta ƙoƙarin hawa faifan hatsin da aka bari, ba mai korar ta.

"Inna, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na ci zamanina. Na aurar, na ga jikoki. Me ya rage min, banda ciwon ƙafa?"

Wani tunani ya zo wa Auta, mai muni. Ta miƙe ta nufi taga inda ake ajiye magani. Ledar na nan, amma ba komai a ciki. Ta ɗaga matashi. Ta ɗaga gefen katifa.

Katunan maganin hawan jini ne a jere, sababbi, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba. Na watan nan, da na wanda ya wuce.

"Kin ce min kin sha."

"Na faɗa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ga ta ɗaura."

"Inna, wannan ai ba kuka ba ce za ta kashe ki. Ke ce."

"Ban so in yi ja-in-ja da ita. In ta zo ta tarar na tare ƙofa da magani, sai ta juya ta nemi wani. Wa kike gani za ta nema?"

Auta ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta ɗebo ruwa a kofi daga randar da ke bayan ƙofa.

"Sha."

"Ajiye."

"Don girman Allah ki sha. Na yarda a sare. Ni da kaina zan riƙe gatarin. Sha kawai."

"In aka sare kafin ɗan ya nuna, aikina ya tashi a banza. Na san ki, baɗi za ki nemo wasu ki dasa a wani wuri. Kan ubanki gare ki."

"Ashe da gaske ne."

Muryar Yaya ce. Yana tsaye a bakin ƙofa, labule a hannunsa, ba wanda ya san tun yaushe. Idonsa na kan robar furanni, daga nan ya koma kan katunan magani, daga nan kan ƙanwarsa. Auta ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kin ga abin da kika jawo?"

"Yaya, taimaka min ta sha maganin nan, sai mu yi faɗan daga baya."

"An faɗa miki. Babba da yaro sun faɗa miki. Kika ce camfi ne."

"Camfi ne mana. Magani ta daina sha, ga shi kana gani."

"Me ya sa ta daina? Kafin ki kawo itatuwan nan ta taɓa tsallake ko kwana ɗaya?"



Sai ga sallama daga zaure, da ƙarfi, ba ta mutum ɗaya ba.

"Masu gida. A fito, ba sai an jira azahar ba."

Mai-awaki ne. Auta ta tura robar ƙarƙashin gado da ƙafa, ba ta ma san ta yi ba. Yaya ya fita, ta bi bayansa da kofin a hannu.

Tsohon na tsaye a tsakar gida da sandarsa, hularsa ta karkace don sauri. A bayansa ɗan aiken mai-unguwa ne, da maza sun kai goma, wasu matan maƙwabta kuma sun leƙo ta katanga.

"'Yata," ya ce, yana haki. "Kin ce ni nake bin furenki. Ni da na haifi kamarki. Na kwana ban runtsa ba, na ce yau sai na wanke kaina. Na ɗauki shaidu, muka sa tsani muka haura shingenki, muka bi gonar bishiya bishiya."

"Da izinin wa kuka shiga min gona?"

"Da izinin sunana da kika ɓata. Ku duba nan, jama'a."

Ya sa hannu a aljihun riga ya fito da abu a naɗe da tsumman gidan sauro. Ya warware.

Ɗan kuka ne, kore, da ɗan gashinsa mai laushi. An tsinke shi da guntun reshe.

"A bakin rijiya, dab da iyakata. In ni ne mai ɓarnar, zan bar wannan a ƙofar hancina? Ai da shi zan fara."

Kofin ya suɓuce daga hannun Auta. Mutanen suka ja da baya kaɗan, kamar an ajiye musu maciji. Wata daga kan katanga ta yi salati ƙasa-ƙasa.

"Ka cire shi," in ji Auta. "Shi kaɗai ne. Ka cire shi."

"Shaida ai a hannu ake kawo ta."

"Wa ya ce ka taɓa?"

Ba Auta ba ce ta yi tambayar. Inna ce, ta fito bakin ƙofar ɗaki, ba ɗankwali, tana riƙe da ƙyaure. Idonta a kan ɗan kukar yake, ba ta ganin kowa.

"Bai nuna ba," ta ce. "Bai nuna ba ka cire. Nawa ne. Wa ya ce ka taɓa min?"

Mai-awaki ya dubi Yaya, ya dubi mutanensa.

"Naki kuma, Inna?"

"Ni na dasa ta."

Tsakar gidan ta ɗauki ƙus-ƙus. Inna ba ta ji ba. Ta sako ƙafa ɗaya waje, tana laluben iska da hannu, tana neman Auta.

"Na wajen kwari," ta ce. "Yau ban kai can ba, ƙafar ta ƙi. Suna nan a sama. Jemagu sun sha su jiya, za su ɗaura. Naki ne, Auta, duk naki ne. Ɗauko min rezar. Maza ɗauko..."

Maganar ta karye. Ta sake buɗe baki, abin da ya fito ba kalma ba ce. Gefen bakinta na hagu ya zame ƙasa, hannun da ke riƙe da ƙyaure ya saki.

Auta ta tare ta kafin ta kai ƙasa, nauyin ya durƙusar da su tare.

"Inna. Inna, dube ni. Yaya, nemo mota. Wani ya kira mai mota."

Ba wanda ya motsa. Mai-awaki ya saki ɗan kukar, ɗan ya gangara ya tsaya a gefen tabarma. Daga bayan mutane wani ya ce, a hankali amma kowa ya ji:

"Ta fara karɓa."

"Ƙarya ne. Hawan jini ne, magani ta daina sha. Yaya, faɗa musu, ai ka gani da idonka."

Yaya ya ciro wayarsa ya danƙa wa ɗan aiken mai-unguwa, ya ce ya kira direba. Ya tsaya ya dubi uwarsa a ƙasa, idonta ɗaya a buɗe, yatsun hannunta mai lafiya sun damƙe zanin Auta suna jan ta, suna nuna hanyar gona.

Sannan ya taka zuwa rumfar kaya, ya miƙa hannu bayan buhuna, ya ɗauko gatari.

"Yaya."

Bai waiwayo ba. Mazan da ke tsakar gida suka buɗa masa hanya, suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Kan Inna na bisa cinyar Auta, numfashin na fita da ƙyar. Ta zaure kuma Auta na jin takun ƙafafu suna nisa, wani yana cewa a biya ta gidansa, shi ma yana da gatari.